Tsohon Fasfon Malama

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Talata, Sufeto yana fama da fankar ofishinsa da ta ƙi juyawa, sai Saja ya leƙo.

"Yallaɓai, wata malama ce. Wai an sace mata fasfo."

"Ta cike takardar ɓata mana. Sai an kawo ta wurina?"

"Na faɗa mata. Amma fasfon yana hannunta, Yallaɓai."

Sufeto ya sauko daga kujerar da ya taka. "Shigo da ita mu ji."

Mace ce da za ta kai shekara arba'in. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce shekararta sha huɗu tana koyarwa a makarantar kurame. An zaɓe ta ta je ƙasar waje kwas na wata huɗu kan sababbin hanyoyin koya wa kurame karatu, kuma ran Litinin jirginta zai tashi. Ta ajiye fasfo sabo fil a kan tebur.

"To ga fasfo, Malama. Me aka sace?"

"Tsohon, ranka ya daɗe. Bizar tana cikinsa."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Tun bara aka buga mata biza, sai aka ɗage kwas ɗin. Kafin a sa sabuwar rana, saura wata biyar fasfonta ya ƙare, su kuwa can ba sa barin baƙo ya shiga sai fasfonsa na da aƙalla wata shida a gaba. Ta sabunta. Aka yanke wa tsohon kusurwa aka maido mata, aka ce ta haɗa biyun ta tafi da su, tunda bizar na nan da ranta.

"In kika nemi wata bizar fa?"

"Sai an yi sati shida. Kafin nan an ba wani gurbina." Ta dubi Sufeto. "Yara ashirin da biyu ne a ajina. Bakwai har yau ba sa iya karanta sunansu. Don su zan je."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Ɗakin malamai na makarantar dogo ne, tebura shida a jere, kowane da durowa mai makulli. Malama ta nuna tata. Jiya ta zo da fasfunan biyu a ambulan don a ɗauki kwafi, ta kulle su a nan, ta manta da su ta tafi gida. Da safe ta tarar da durowar a kulle yadda ta bar ta, amma babu tsohon fasfon a ambulan.

Sufeto ya durƙusa ya duba bakin makullin. Ko ƙwarzane babu. A ciki ga agogon hannunta da ta cire, ga zoben azurfa, ba a taɓa su ba.

"Saja, in kai ne ɓarawo, me za ka ɗauka?"

"Allah Ya kiyaye, Yallaɓai. Amma agogon nan ya yi kyau."

"Shi namu ya bar agogo, ya bar sabon fasfo, ya ɗauki yankakke. Ya san inda bizar take. Ba kuɗi yake nema ba, tafiyar ce ba ya so a yi."

Shugaban makarantar yana hutu, Mataimakinsa ne ke riƙe da ofis. Dattijo ne tsaf-tsaf mai furfura a gemu, biro uku jere a aljihun gaba. Ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwa.

"Abin ya dame ni ƙwarai, Sufeto. Ni da kaina na cike mata takardun nan."

"In ba ta je ba, wa zai je?"

"Sunaye aka tura bi da bi. Na biyu malamin lissafi ne." Ya rage murya. "Ba na son ɗaukar alhakin kowa. Amma jiya bayan an tashi na hange shi a ɗakin malamai."

Malamin lissafi dogo ne siriri, alli ya ɓata masa hannun riga. Ya rantse cewa ƙararrawar tashi na kaɗawa ya hau babur ɗinsa.

"Maigadi ya ce sai biyar saura ka fita," in ji Sufeto.

Malamin ya fara sosa ƙeya. Da ƙyar ya amsa cewa ya tsaya ne ya yi amfani da injin kwafi na makaranta, ya buga takardun yaran da yake koya wa darasi a gida. An hana, shi ya sa ya ɓoye.

"Amma fasfo? Yallaɓai, me zan yi da shi? Ko yau aka ba ni gurbin, daga filin jirgi za a koro ni." Ya zaro wayarsa ya nuna hoton fasfonsa. Saura wata huɗu ya ƙare. "Ban sabunta ba, don ban sa rai ba. Wanda zai maye gurbi kwana uku kacal ake ba shi ya miƙa fasfo mai rai, sai su nema masa bizar gaggawa."

"Wa ya san naka ya kusa ƙarewa?"

"Mataimaki mana. Shi ya karɓi kwafin mu ukun."

"Ku uku?"

"Ni, da Malama, da shi kansa. Ai shi ne na uku."

Sufeto ya dubi Saja. Saja ya rubuta.

Washegari da hantsi suna ofishin fasfo da takardar neman bayani a kan Mataimaki. Layi har bakin ƙofa, ana kiran lamba ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar da ta karɓe su ta gyara tabarau, ta danna kwamfuta.

"E, ya zo. Sabuntawar gaggawa ya nema, kwana tara da suka wuce. Nasa ya ƙare tun watan jiya. Shekaranjiya ya karɓi sabo."

"Me ya rubuta a dalilin gaggawa?"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. An rubuta: tafiya kwas, wata huɗu.

"Kwana tara," in ji Saja da suka fito. "Lokacin fasfon Malama ko motsi bai yi ba."

"Ka ga mutum mai hangen nesa," in ji Sufeto.

Sun tarar da Mataimaki yana sa hannu a takardu. Ya miƙe da murmushi.

"An dace, Sufeto?"

"An kusa. Malam, wa ke ajiye makullan durowa na biyu?"

"Suna nan ofis, a cikin kabad."

"Makullin kabad ɗin fa?"

"Yana wurina. Amma kowa na iya..."

"Jiya da na tambaye ka jerin sunaye, ka tsaya a na biyu. Wane ne na uku?"

Murmushin ya ragu. "Ni ne. Cike gurbi ne kawai, ba wani abu ba."

"Ka sabunta fasfonka kwanan nan?"

"Ƙanina nake son kai wa ziyara."

Sufeto ya ajiye kwafin takardar a gabansa, ya ɗora yatsa kan layin. "Karanta mini nan. Ƙaninka ne kwas na wata huɗu? Ta yaya ka san gurbi zai buɗe tun mako guda kafin a yi satar?"

Mataimaki ya zauna a hankali, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Shekara ashirin da uku ina makarantar nan," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni na karɓi Malama ranar da ta fara aiki. Duk wanda ya taɓa fita kwas, ni na cike masa takarda, ni na raka shi mota. Saura mini shekara biyu in yi ritaya. Na ce ko sau ɗaya..." Ya share fuska da tafin hannu. "Shaiɗan ne, Sufeto."

"Shaiɗan bai je ofishin fasfo ya bi layi ba. Ina fasfon yake?"

Sufeto ya yi tambayar ne gabansa na faɗuwa, don in an ƙona shi, kama ɓarawo ba zai kai Malama ko'ina ba.

Mataimaki ya miƙa hannu saman kabad, ya sauko da wani tsohon rajista mai ƙura. Fasfon na tsakiyarsa.

"Na kunna ashana sau biyu," ya ce. "Na kasa."

Aka kira Malama daga aji. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe shafin bizar, ta shafa shi da yatsa. Lafiyarsa ƙalau. Sai a lokacin hawayen da ta riƙe kwana biyu suka zubo. Ta dubi dattijon.

"Baba, da ka ce kana so, wallahi da na rubuta musu in roƙa maka zagaye na gaba."

Bai iya ɗaga ido ba. Saja ya riƙe masa hannu, ba ankwa, ya fita da shi ta ƙofar baya zuwa mota.

Sufeto ya ɗauki hoton fasfon don shaida, ya sa Malama ta sa hannu, ya miƙa mata.

"Ki haɗa su biyun ki sa a jakar da ba ta barin kafaɗarki. Ko ni na ce ki ba ni, ki ƙi."

Ta yi dariya tana goge ido. A baranda ɗalibanta sun yi cirko-cirko a bakin taga. Ta ɗaga fasfon sama, nan take hannuwa suka tashi suna kaɗawa.

"Malama, yaya ake cewa Allah Ya kai ki lafiya da hannu?" in ji Sufeto.

Ta nuna masa. Ya gwada da dukkan ƙarfinsa. Ajin gaba ɗaya ya kece da dariya, har da masu buga taga.

"Me na ce?"

"Ka ce in dawo maka da akuya, ranka ya daɗe."

"To ba laifi," in ji Sufeto yana gyara hula. "Ki dai fara zuwa tukuna."