Ɗalibin da Ya Kawo wa Ottavio Man Kanti

Benedetta ta isa tashar jirgin ƙasa ta garin Trevi a Italiya tana huci. Mahaifiyarta ta sake karɓar ɗalibin waje da zai yi zango ɗaya yana koyon Italiyanci. Ɗakinta aka ba shi, ita kuwa aka mayar da ita kusa da injin wanki.

Wani dogo ya sauko da jaka a baya.

"Sunana Sindre, daga Norway. Ina mai matuƙar farin cikin samun alfarmar saduwa da ke," ya ce, kamar mai karanta wa alƙali takarda.

"To, mun ji. Shiga mota, Dogo, a inda aka hana tsayawa na ajiye ta."

Ta kalle shi ta gefen ido, sai haushinta ya ƙaru, don ba ta shirya ganin kyakkyawa ba.

Ranar Lahadi ana cin abincin rana, Sindre ya miƙa wa mahaifinta tsaraba a naɗe: kwalbar man zaitun da ya saya a kanti. Ottavio mai itatuwan zaitun ɗari huɗu, gadon kakansa, ya juya kwalbar ya dubi matarsa.

"Loredana, tambayi baƙonki, wa ya mutu da aka fara kawo mana sadaka?"

Ya kai ta gareji, ya ce za ta yi wa sarƙar keke amfani. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar yaron ba.

Makarantar su Sindre ta hana shi yin kowane yare sai Italiyanci, don haka a bakin Benedetta ya koya, ita kuma ba ta iya koyarwa sai da faɗa. Bayan wata guda ya turo mata saƙo, da sunan da ya laƙaba mata saboda faɗanta:

"Barkonota, yau na koyi kalmomi goma sha biyu. Tara zagi ne, duk daga bakinki. Na gode."

Ta mayar masa: "Ka wanke kofin da ka bari, Dogo. Kuma ka sa rigar sanyi, kada ka mutu mana a gida."

Mu da muka manyanta a garin nan mun san ma'anar irin wannan saƙo. Da shi aka kama wasunmu, har yau muna wanke kofi.

Da ta gaya wa mahaifinta tana son Sindre, ya buga teburi.

"Wanda bai san mai ba ne zai san darajar mace? Ya gama a Disamba ya koma ƙanƙararsa. Ga Gualtiero mai injin matsar mai, tun kuna yara yake binki."

"To kai ka aure shi, Baba!"

Da lokacin tsinkar zaitun ya zo, Sindre ya hango ta a motar Gualtiero. Kwana uku bai yi mata magana ba, sannan ya rubuto: "Na gan ku. Ina yi muku fatan alheri."

"Layin matsa na je kama wa Baba, sakarai! Gualtiero ya nemi aurena, na ce a'a. Riƙe fatan alherinka."

Zaitun da aka tsinka, in ya kwana biyu ba a matse ba, mansa ya lalace, kuma mai shi ba ya barin akwatunansa ba mai tsaro. Ranar layinsu ciwon baya ya kwantar da Ottavio, Benedetta tana gona da masu tsinka, sai Sindre ya loda akwatunan ya tafi. Gualtiero da aka ƙi ya ce masa injin ya cika, sai jibi.

Da tsakar rana Benedetta ta kawo mahaifinta. Tun daga waje suka jiyo ihu. Sindre ya jera akwatunan a bakin ƙofa ya hau ya zauna, ba mai shiga ba mai fita.

"Wa ka raina wa hankali? Sunanmu ne na farko a allo! Ba ka jin kunya, ƙaton banza? Ka zuba namu, ko kowa ya huta yau!"

Manoman da ke layi suka goya masa baya. Gualtiero ya zuba.

"Wa ya koya masa wannan?" in ji Ottavio.

"Ni."

Ta finciko rigar Sindre. "Jarrabawarka ta yau fa?"

"An gama ta tun ƙarfe goma ba ni, Barkonota."

"Mahaukaci!" Ta doke shi a ƙirji, ta fashe da kuka, ba ta kuma saki rigar ba.

Da man farko ya zubo, kore shar, Ottavio ya gasa burodi ya tsiyaya a kai, ya miƙa wa Sindre kafin kowa. Yajin sabon mai ya kama shi a maƙogwaro, ya yi tari har da hawaye.

"Haka na gaske yake yi, ɗana," in ji tsohon.

Sindre ya maimaita zangon, ya kuma samu aiki a birnin Perugia da ke kusa. A watan Yuni aka ɗaura musu aure a ƙaramin cocin unguwa. Wajen walima Ottavio ya miƙe ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu haƙurin ubansu. Shekara ashirin da huɗu tana yi mini faɗa, Sindre. Daga yau naka ne."

"Baba, zauna, bayanka!" ta daka masa tsawa.

Shi da Sindre, da ya miƙe zai yi godiya, suka zauna a tare.