Tankin da Ba Ya Cika

Ranar Litinin asibiti ya dawo da katan arba'in na man tsabtace hannu, wai ruwa ne zalla. Wani na satar sifirit, sinadarin da ake haɗa man da shi, a kamfanin da ke yin sa, kuma kafin Sufeton 'yan sanda ya iso mai kamfani ya riga ya yanke hukunci: Doguwa ce, matar da ke haɗi a tanki na farko. An zaunar da ita a kan benci, an ƙwace mata makulli, aikin shekara tara na shirin tafiya.

Sufeto mutum ne da ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ya fara da mai sito, ya tarar kowane tanki lita saba'in na sifirit yake ba shi cif, a gaban mutum biyu. Mai gadi kuwa, bawan Allah, jakar mata kaɗai yake bincikewa. Saura masu haɗi biyu, Doguwa da ƙanin mai kamfani.

Mai kamfani ya ce lissafin ai a fili yake. Sifirit saba'in da ruwa talatin ɗari ne, tankin ƙaninsa kullum yana kan layin ɗari, nata kuwa kullum da giɓin lita uku.

"Ina lita ukun?" in ji Sufeto.

"Ban sani ba, yallaɓai," ta ce. "Na zuba yadda aka ce, tanki ya yi ɗumi, ya sauka."

Ɗumin nan ya tsaya wa Sufeto a rai. Ya sa aka kawo kwalbar awo, ya zuba sifirit saba'in da ruwa talatin da hannunsa, ya girgiza. Kwalba ta ɗumama, haɗin ya tsaya a casa'in da bakwai. Ya maimaita, haka dai.

Ya ce sifirit da ruwa shige wa juna suke yi, kamar yashi cikin tsakuwa, don haka haɗin gaskiya dole ya gaza. Wanda nasa ke cika, ɗiban sifirit yake yi, ya bi da ruwa har layi.

Ya juya ga ƙanin. "Buɗe mana but ɗin motarka."

Jarka huɗu cike da sifirit aka samu a ƙarƙashin tabarma.

Kunya ta kama mai kamfani, ya miƙa wa Doguwa makulli yana ta ba ta haƙuri. Ba ta karɓa ba.

"Da hannu ɗaya na rene ku, kai da shi," ta ce. "Amma ni ƙanwar uwarka ka fara kira wa 'yan sanda."