Tukunyar da Ƙande Ta Kife

Ana gab da magariba, awaki na shigowa garin Waca suna kukan neman 'ya'yansu, Hafizu kuwa yana durƙushe a tsakar gida yana haɗa wa maciji ɗaki. Wani abokinsa na Yamai ne ya ba shi, jinjiri ne ja mai ɗigo-ɗigo, kaurinsa bai wuce yatsa ba. Wai daga ƙasar Turawa aka kawo irinsa, wai ba shi da dafi, wai kiwonsa ake yi kamar kaza. Magidanci da gemunsa, ya rasa abin kiwo sai wannan!

Ya shimfiɗa rairayi a akwatin gilashi, ya ajiye 'yar tasar ruwa, ya huhhuda murfin don iska. Saura maɓoya, don an ce masa macijin ba ya sakewa sai da wurin laɓewa mai duhu. Sai ya zaga bayan rumbu ya ɗauko 'yar tukunyar da mahaifiyarsa, marigayiya Ƙande, ta kife a can tun yana goye. Kowa a gidan ya san ba a taɓa ta. Ko shara ake yi, kewaye ta ake.

"Baban Bushra, mayar da tukunyar Inna," in ji matarsa Maijidda. "Ka kawo mana ƙazanta, kuma ka taɓa abin da aka hana?"

"Camfi ne kawai," ya ce. Ya ɓalle gefen bakinta ya yi ƙofa, ya kife ta cikin akwatin. Ko bisimilla bai yi ba.

Abincin macijin shi ne abin ƙyamar. 'Ya'yan ɓera ne jajaye, marasa gashi, da Hafizu ke zaƙulowa daga ramin ƙarƙashin rumbu. Wanda macijin ya ƙi ci sai ya rarrafa cikin tukunyar ya mutu, zafi ya kumbura shi. Gidan ya ɗauki wari, ƙudaje suka tare.

Daga nan aka fara jifa. Da rana ta faɗi sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan kwanon ɗaki, a leƙa waje ba kowa. Sai kuma kakarin amai a bayan rumbu, irin na tsohuwa. Bushra, 'yarsu ɗaya tilo, 'yar lakwal, wato makarantar boko, mai tsantsani da ko ƙuda ya faɗa mata a kunu zubarwa take yi, ta daina cin tuwo, ta daina magana.

Wata magariba Maijidda ta neme ta ta rasa. Can ta hango ƙafafunta a ƙarƙashin rumbu. Tana kwance rubda ciki, hannunta cikin ramin ɓerayen, kumatunta a cike, tana haɗiya ba tare da tauna ba. Maijidda ta juya ta yi amai, sannan ta samu bakin kururuwa.

Washegari aka ɗauko Malam Abdussalam daga Bande a kan babur. Yana shiga gidan ya toshe hanci da rawaninsa. Ya sa aka riƙe yarinyar a kan tabarma, ya zauna ya soma karatu a hankali. An daɗe ba a jin komai sai muryarsa da ƙarar ƙudaje. Sai Bushra ta buɗe ido ta yi tsaki, da muryar da ba tata ba.

"Dakata, malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Mi yarinya ta yi maki?"

"Ba ta yi mani komi ba. Ƙande ce ta ba ni tukunyar nan, na zamna ban taɓa ko kazarta ba. Ni mai tsabta ce. Wannan ƙazamin ɗan nata ya ɗauke mani ɗaki, ya sa mani maciji, ya cika shi da mushe. To, na ɗanɗana wa ɗiyarsa abin da ya ɗanɗana mani. Nan zan zamna."

"Jikin Musulma ba ɗakinki ba ne," in ji malam, ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta riƙa murɗewa a ƙasa har muryar ta ce ta yarda.

"Amma shi zai wanke tukunyata. Da hannunsa, ba tsumma, ba icce. Ya ɗauke ta a ka, ya kai ta gindin kukar bayan gari ya kife."

Hafizu bai yi musu ba. Ya ɗaga tukunyar, abin da ke ciki ya zubo yana motsi da tsutsa. Ya sa hannu ya kwashe, yana kakari, hawaye na bin gemunsa. Ya wanke, ya ɗora a ka, ya ratsa gari mutane na kaucewa. Macijin kuma malam ya ce a mayar wa mai shi.

Yana dawowa Bushra ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta nemi ruwa. Hafizu ya yi wuf ya ɗebo a moɗa, ya durƙusa ya kai mata baki. Ta kawar da kai, ta yamutsa fuska.

"Baba, hannunka na warin ɓera. Inna, ke ki ba ni."

Ya miƙa wa Maijidda moɗar. Ya riga ya wanke hannun nan da toka da sabulu har ya yi ja. Ya san daga bakin wa warin ke fitowa, uwar ma ta sani, ba kuwa wanda ya gaya wa yarinyar. Har yau Bushra ba ta karɓar abinci daga hannun ubanta, shi kuma bai taɓa kare kansa ba.