Abin da Motar Alhaji Lawwali Ta Sha

Da hantsi aka sanar da Sufeto Siddiƙu cewa babbar motar gyaɗa ta Alhaji Lawwali ta mutu a hawan gulbi, ta gangaro da baya, ta take Kaltume mai fura har lahira.

Kafin ya isa, 'yan doka sun ɗaure Maccido makanike, jama'a kuma sun fasa masa baki. Sufeto ya tsani irin wannan shari'ar ta kan titi.

"Shi na, ranka shi daɗe," in ji Alhaji, yana huci. "Shekaranjiya yas sa mata sabbin nozul masu hwesa mai cikin inji. Tsohhi yal liƙa min, ɓarawon banza."

"Ku kwance shi," in ji Sufeto. "Maccido, tada ta."

Injin ya kama da kyar, yana tari, yana aman farin hayaƙi. Maccido ya riƙa sassauta bututun gas ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. A na uku da na biyar ƙarar ba ta sauya ba.

"Waɗanga biyun ba su hwesa mai," ya ce. Ya ciro nozul ɗin biyu, sababbi fil, amma bakinsu ya toshe da wani baƙin abu mai danƙo.

Sufeto ya juya ga Mode direba. "Ina kas sha mai?"

"Inda muka sha kullum. Ban taɓa tanki ba, makullin kwaɗon na ga Alhaji."

"Ƙarya ta!" Alhaji ya daka masa tsawa. "Makullin ya ɓace tun bara."

Sufeto ya sa aka tsiyayo gindin tankin cikin kwano. Gas ya taso sama, baƙin ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya dangwala, ya murza, ya ɗora a harshe. A zauren malamai ya tashi, ba mai koya masa ɗanɗanon ƙaro da gawayi.

"Tawada ta. Wa ab ba mota rubutu?"

Sufeto ya miƙa hannu ya ɗaga tasbahar Alhaji. Ga ɗan makulli ɗaure a jikinta. Da ya zura shi, kwaɗon tankin bai yi gardama ba.

Alhaji ya yi maza ya ce, "Don tsari na. Malam yac ce in yayyahwa ga ƙahwahunta. Nig ga in ta sha, ya hi kama jiki. Kwalba biyu ɗai niz zuba."

"Kuma kana tsaye anka hwasa bakin wanga bawan Allah," in ji Sufeto.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Aka sa masa ankwa.

Suna wucewa, Maccido ya tofar da jini, ya ce, "Alhaji, ni bakina za shi warke. Tahi ka gaya ma ɗiyan Kaltume don tsari na."