Linzamin Malam Halliru

Ranar Juma'a da misalin ƙarfe takwas na safe, Sufeto Maxime yana ofishinsa a komisariyar 'yan sanda ta Garwa yana tsoma ƙosai cikin kunun gyaɗa, sai ga mahauta uku sun shigo da mace ɗaya a tsakiyarsu. Yadda suka kewaye ta, sai ka ce sun kamo ɗan fashin da ya addabi hanyar Touboro. Matar kuwa ko kafaɗar ƙaraminsu ba ta kai ba.

Babbansu, Alhaji Garga, mataimakin shugaban ƙungiyar mahauta, shi ya yi bayani. An yi sata a ofishin ƙungiya da ke bayan kasuwa, ba a fasa ƙofa ba, wannan matar kuma, Jeannette, ita ke share ofishin, makulli na hannunta. A ganin Alhaji bincike ya ƙare, sa hannu kawai ya rage. Kwamiti ma ya riga ya sallame ta daga aiki, don a rage wa hukuma wahala.

"Me aka sace?" in ji Maxime.

"Linzamin kwamfuta, Shef."

Shekara goma sha tara Maxime yana aikin ɗan sanda. Ya taɓa binciken satar akuya, satar ƙofar banɗaki, har da satar ƙararrawar makaranta. Don haka bai yi dariya ba. Ya juya wajen matar.

"Shef, shekara goma sha huɗu ina share ofishin nan," in ji Jeannette. "Ko ƙashi ban taɓa ɗauka ba."

Kwamishina ya leƙo, ya ji labarin a tsaye. Mutum ne mai son naman cinya, ba ya kuma son ɓacin ran mahauta. Ya ce ƙarfe uku zai tashi, yana so ya ga suna a takarda kafin nan. In ba a sami wani suna ba, na Jeannette ya wadatar, ta zauna a sel har Litinin a kai ta gaban mai gabatar da ƙara.

Maxime ya bar ta a kan benci tare da wata 'yar sanda, Birgadiya Véronique, ya hau mashin ya nufi kasuwa.

Ofishin ƙungiya ɗaki ne guda: tebur, kwamfutar tafi-da-gidanka, na'urar buga takardu, tabarma, da fankar sama wadda ita ce ainihin dukiyar ƙungiya a watan Afrilu. Sakatare, Malam Halliru, yana zaune ya zuba wa tafin hannunsa ido.

Shi ma da mahauci ne. Shekara shida da suka wuce wani bijimin Tignère ya fizgi igiya da wuyan hannunsa na dama a ciki, daga nan ya ajiye wuƙa ya koma rubutu. Linzamin da ake ja a kan tebur kuwa, in ya yi awa ɗaya da shi, hannun kan kumbura har gwiwa. Sai 'yarsa Karimatu, da ke aikin jinya a Ngaoundéré, ta aiko masa da wani iri.

Ya kwatanta shi da irin muryar da ake yabon mamaci. Ba shi da waya, ba ya bukatar tebur. A tafin hannu ake riƙe shi kamar ƙotar wuƙa, manuniya ta shiga wani zobe a ƙasa inda maɓalli yake, babban yatsa kuma ya riƙa murza wani jan ƙwallo mai girman goro. Wuyan hannu ba ya motsi ko kaɗan. Mutum na iya kishingiɗa, hannu a kan ciki, kibiya tana yawo a allo.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Jiya ƙarfe biyu. Na sa shi a aljihun tebur, na kulle ƙofa."

"Kwamfuta fa? Ba a taɓa ta ba?"

"Ko ƙura ba a ɗauke mata ba."

Maxime ya sunkuya. A gefen kwamfutar akwai wani ɗan baƙin abu a maƙale, bai fi farce ba.

"Wannan fa?"

"Kunnensa ke nan. Ta nan kwamfuta ke jin sa. In babu shi, linzamin dutse ne kawai."

"Jeannette ta san haka?"

"Kullum sai na gargaɗe ta kada tsumma ya fizge shi. Har ta gaji da ji."

Wato wanda ya san abin, in sayarwa yake so, da biyun zai tafi. Maxime ya tambaye shi ko shi ma ya yarda ita ce. Malam Halliru ya ce shi bai faɗa ba, amma shi sakatare ne, abin da kwamiti ya ce shi yake rubutawa.

Da aka zo kan aikin da ya yi da linzamin a makon, sai labari ya fara ɗanɗano. Hukumar gari ta gina wa mahauta sabuwar rumfa mai tebur arba'in da biyu. Ranar Laraba aka jefa ƙuri'a: lambobi a cikin hula, kowa ya zura hannu ya zaro. Malam Halliru yana jingine da bango yana murza ƙwallonsa, yana kai kowane suna gaban lambarsa, kowa na kallo a allo. Da aka gama aka ƙone takardun, kamar yadda aka saba, don kada wani ya yi musanye. Litinin za a miƙa jerin. Dokar ƙungiya kuma ta ce in jeri ya ɓata kafin a miƙa shi, sai a sake ƙuri'a.

"Wa ƙuri'ar ta fi ɓata wa rai?"

Malam Halliru ya ce tebur biyu na ƙarshe a bakin lambatu suke, inda ƙuda ke taron shekara. Arba'in da ɗaya ya faɗa wa Muhaimin, arba'in da biyu kuma Alhaji Garga.

Muhaimin ƙato ne mai ƙirji kamar ƙofar gareji. Maxime ya same shi yana sara ƙashin baya da gatari.

"Ina kake jiya bayan ƙarfe biyu?"

"Adoumri, Shef. Na je duba shanu."

"Nawa ka sayo?"

"Sun yi tsada."

"Wa ya gan ka?"

"Shanun dai."

Maxime ya nuna lanƙwasar hannunsa ta hagu, inda ɗan auduga ke manne da filasta. Ya tambaya ko yanzu a Adoumri ana ɗibar jinin masu saye. Muhaimin ya ajiye gatari, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Asibiti ya je gwajin zazzaɓi. Da ya ga jininsa na hawa cikin sirinji sai duniya ta yi duhu, bai farka sosai ba sai magariba. Mutumin da ke yanka bijimi biyu kafin hantsi. Ya roƙi Maxime don girman Allah kada kasuwa ta ji.

Kira ɗaya zuwa asibitin ya tabbatar da maganar. Ma'aikaciyar da ta ɗauki waya har lokacin dariya take.

Ganin asirinsa ya tsira, bakin Muhaimin ya buɗe. Ya ce shi dai bai yi baƙin cikin satar ba, tunda yanzu dole a sake ƙuri'a.

"Don me za a sake?"

"Ai sunayen cikin jan ƙwallon nan suke, Shef. Kamar katin waƙoƙi a waya. Kowa ya ga daga hannun Malam suke fita."

"Wa ya ce maka haka?"

"Alhaji ne ya yi mana bayani. Shi ya je Dubai, ya san irin waɗannan."

Alhaji Garga ya karɓi Maxime da fara'a a rumfarsa, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya fasa jan goro ya miƙo masa ɓari. Ya amsa cewa da yana da makullin ofis, amma ya faɗi bara a hanyar Mayo-Oulo. Jiya kuwa daga azahar gida ya wuce, bai sake fita ba. Ya ƙara da cewa abin tausayi ne, amma mutanen kan dutse irinsu Jeannette sai a hankali, shi ya sa tun farko bai so a ba ta makulli ba.

Maxime ɗan dutse ne shi ma, daga duwatsun wajen Mokolo. Ya sa ɓarin goron a aljihu, ya yi godiya.

A komisariya ya tarar Véronique ta sayo wa Jeannette shayi da burodi, ba ta taɓa ba. Damuwarta ɗaya: Lahadi ita ke jagorantar waƙar mata a coci, yanzu kuwa rabin kasuwa sun ga an wuce da ita.

"Mama, ban da ke da Malam, wa ke shiga ofishin in an kulle?"

Ta ce ita ba ta ga kowa ba. Sai dai tun da zafi ya shigo, kowace safiya tana share ɓarɓashin jan goro a tabarma, daidai ƙarƙashin fanka, da shatin kan mutum a matashin kujera. Malam Halliru kuwa likita ya hana shi goro tun bara.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni, Shef?"

Barcin rana a ƙarƙashin fankar ƙungiya ba laifi ba ne a dokar Kamaru, in ba haka ba da ma'aikatu sun zama kango. Maxime na bukatar abin da ya fi ɓarɓashin goro, agogo kuma ya kusa sha biyu.

Ya kira Malam Halliru a waya da tambaya biyu. Daga ina zuwa ina kwamfuta ke jin linzamin? Taku goma. Ana kashe shi? A'a, barci kawai yake yi, da an taɓa ƙwallon ya farka.

Sannan ya aiki Véronique kasuwa. Aikinta shi ne ta zauna wajen mai shayin bakin mahauta, ta gaya masa a asirce cewa bayan sallar Juma'a za a binciki tebura da motoci da gidajen 'yan kwamiti. Ta ja masa kunne kada ya gaya wa kowa. Kafin ladan ya yi kiran farko, har masu babur na gadar Binuwai sun ji.

Ƙarfe biyu da kwata aka taru a ofishin ƙungiya: shugaba, Alhaji Garga cikin babbar rigar Juma'a, Muhaimin, wasu 'yan kwamiti huɗu, da Jeannette a bakin ƙofa kusa da Véronique. Malam Halliru ya buɗe jerin da hannun hagu, yana dangwalar kwamfutar da ƙyar kamar mai koyon tuƙi. Maxime ya ce ya janye hannunsa, ya juya allon kowa ya gani.

"Ga jerinku," in ji shi. "A cikin kwamfuta yake, bai taɓa zama a wani wuri ba. Ba za a sake ƙuri'a ba."

Ya fara karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai kiran ɗalibai. Idonsa ɗaya na kan kibiyar da ke tsaye a tsakiyar allo. Wajen lamba goma ta ɗan girgiza. Wajen talatin ta fara rarrafe gefe. Da ya kai arba'in, sai ta shiga zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Wani dattijo ya fara karanta addu'ar neman tsari.

"Kowa ya ɗaga hannuwansa biyu," in ji Maxime.

Hannuwa suka tashi. Kibiya ta tsaya cak. Hannu ɗaya ne kawai ya yi doguwar tafiya kafin ya fito, daga can cikin aljihun babbar riga.

Maxime ya matsa, ya nemi gafarar Alhaji, ya shafa aljihun daga waje. Kibiya ta yi tsalle ta maƙale a kusurwar allo.

Véronique ce ta zaro shi, a naɗe cikin hankici, yana ƙamshin kitse da turare. A ƙasansa akwai makullin da ya faɗi a hanyar Mayo-Oulo.

Alhaji ya zauna a kan tabarma, daidai ƙarƙashin fanka. Da farko ya ce aro ya yi, ba sata ba, Litinin zai mayar. Da ya ga babu mai taya shi, sai ya faɗi sauran. A motarsa ya ɓoye shi, da ya ji za a yi bincike ya mayar da shi jikinsa. Bai ma san yatsansa na murzawa ba, abin ne da daɗin taɓawa.

"Shekara talatin ina fawa, Shef. Teburin mahaifina a bakin ƙofa yake. Yau a ce ni ne maƙwabcin lambatu?"

"Ita kuma fa?" Maxime ya nuna Jeannette.

"Da an sake ƙuri'a zan sa baki a sake ta."

"Bayan kwana uku a sel."



Malam Halliru ya karɓi kayansa da hannu biyu, ya goge ƙwallon da bakin rigarsa, ya murza, ya ga kibiya ta bi shi. Shugaba ya yi gyaran murya, ya ce kwamiti ya janye sallamar da ya yi wa Madam Jeannette, a rubuta. Jeannette ta ce a rubuta da manyan baƙaƙe, a buga biyu: ɗaya a manna a ƙofar mahauta, ɗaya ta kai wa fasto. Malam Halliru ya kishingiɗa, ya ɗora hannu a ciki, ya fara aiki.

Maxime ya duba agogo. Uku saura minti ashirin. Ya ce wa Alhaji su tafi, Kwamishina na jiran suna.

Véronique ta kama hannun babbar riga, suka nufi ƙofa. Jeannette ta matsa ta ba su hanya. Sannan ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko tsintsiyarta, ta bi bayan Alhaji taku da taku tana share sawunsa, daga tabarma har bakin titi. Mahautan da ke tsaye suka buɗe mata hanya, babu wanda ya ce ta dakata.