Bokitin Ɗan Tudu

Ku yi mini afuwa tun daga farko. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu na saba karantawa, kuma sau uku ina yaga wannan shafin. Labarin Majken ne, 'yar yayar mahaifiyata. In ya ɓaci, laifina ne.

A ƙarshen watan Agusta wani saurayi mai suna Alvar ya zo Göteborg, birnin bakin teku, hutun mako biyu daga Rättvik, wani gari can nesa da teku, inda yake aikin kafinta. Washegarin saukarsa ya tsaya gaban teburin da Majken ke sayar da jatan landen da mahaifinta Sixten ke kamowa a teku. Ya daɗe yana kallon launinsu fari-fari, sannan ya tambaye ta a hankali ko ba su dahu ba ne, don na tafkin garinsu ja wur suke fitowa daga tukunya.

"Kai kuma daga wane tudu ka gangaro?" in ji ta.

Daga ranar sunansa ya koma Ɗan Tudu. Ya saya, ya dawo, ya sake dawowa, har ta ce in ba kyanwa yake kiwo a masaukinsa ba, gara ya faɗi abin da ke kawo shi. Ya faɗa mata cewa ita ce, kunnuwansa sun yi ja. In ta tashi aiki sai su hau jirgin fito zuwa tsibirai, ita tana magana, shi yana riƙe da ƙarfen gefe.

Sai dai tun rasuwar mahaifiyarta, Majken ba ta yin abin da Sixten bai yarda da shi ba, shi kuwa Rasmus, abokin aikinsa a jirgin kamun kifi, yake so ta aura. Da ƙyar ta samu ya gayyaci Alvar walimar jatan lande ta ranar Asabar. Hutun zai ƙare Lahadi.

Ranar Laraba saƙo ya shigo wayarta: "Majken tawa, zan ɓace kwana uku. Kada ki tambaye ni. Ba na so in shiga gidanku hannu rabbana."

Ta amsa: "Kanka kawai ka kawo, Ɗan Tudu. Kuma ka cire takalmi a bakin ƙofa."

Asabar an shimfiɗa dogon tebur a tsakar gida, kowa da hular takarda a ka, kamar yadda al'adar walimar take. Alvar ya iso daga tashar jirgin ƙasa da bokiti, ya buɗe shi gaban Sixten. Jatan landen tafki ne, jajaye, cikin ruwan gishiri. A garinsu babu kyautar da ta fi wannan. A gidan masuncin teku kuwa, kamar ka kai wa mahauci naman gwangwani ne.

Rasmus ya leƙa, ya ce ai irinsu ne cike a firjin kowane kanti, daga ƙasar waje ake shigo da su. Sixten ya ce ya gode, ya tura bokitin ƙarƙashin tebur da ƙafa. Dariya ta kuɓuce wa Majken. Alvar ya dube ta sau ɗaya, kuma kafin a kawo kek ya tafi.

Da safe ta samu saƙonsa: "Na gode da kwanakin nan. Jirgina na ƙarfe biyu ne. Ba zan shiga tsakaninki da mahaifinki ba."

Ta ɗauki bokitin ta dire gaban Sixten, yana zaune yana gyaran igiya. Ta ce ba ta roƙe shi ya ci ba, ya duba kawai.

Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wani. Wannan ƙato, wancan matsakaici, wani ma ƙafarsa ɗaya ta karye. Ya ce na kanti duk girmansu ɗaya. Ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa, sannan ya miƙe ya ɗauki rigarsa.

Sun tarar da Alvar a kan benci a tasha, jakarsa tsakanin ƙafafu. Sixten bai gaishe shi ba, ya ce ya nuna masa hannunsa. Yatsun duk tsaga ne.

"Tarko nawa ka ɗana?"

"Goma sha biyu. Na kakana ne, ni na gyara su."

"Wa ya ɗago?"

"Ni da mahaifiyata, da asuba, kwana biyu."

Sixten ya zauna kusa da shi, ya ce gishirin ya yi kaɗan. Alvar ya ce bai yi ba, haka kakarsa ke dafawa shekara hamsin. Gardama ta kaure, daga gishiri ta koma kan abin da ake sa wa tarko, har jirgin ƙarfe biyu ya ja.

"Jirginka ya tafi, Ɗan Tudu," in ji Majken.

"Na gani. Me ya ba ki dariya jiya?"

"Tsoro. Haka nake in na tsorata. Sai ka saba."

"Zan saba," ya ce, ya matsar mata da jakar ta zauna.

Da shekara ta zagayo aka ɗaura auren a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya a bakin ruwa. Mutanen Rättvik suka zo cikin kayansu na gargajiya, Rasmus ma ya zo, ya taya jera kujeru. Jawabin Sixten bai kai minti ɗaya ba. Ya ce ya yi alkawari ba zai ba da 'yarsa ba sai ga masunci, kuma ya cika, ko da na kududdufi ne. Sannan ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Duka muka ce amin.

Daga nan mai gabatarwa ya fara kiran dangi ɗaya bayan ɗaya su yi jawabi, na ga saura mutum biyu a zo kaina. Ni da ban iya magana a gaban taro ba, na ɗauki jakata, na sulale ta ƙofar kicin.