Filafilin da Ke Bayan Gilashi

Tun da na dawo daga hutu a Turai barci ya ƙaurace mini. A wani gidan tarihi na ga tsohon filafilin kwalekwale a bayan gilashi, an rubuta sunan garinmu, Yauri, a ƙasansa. Hoto kawai na ɗauka, na wuce cin abinci.

Daren jiya haushin kaina ya kai ni bakin ruwa. Wani tsoho na tuƙa kwalekwale da tafin hannu.

"Kai, ɗan boko!" ya daka mini tsawa. "Ka ga filafilina a tsare, ka tafi cika ciki? Da me zan kai gaɓa?"

Hannunsa na shiga ruwa, amma ruwan ba ya motsi.

Na koma gida na ɗauko filafilin mahaifina, na miƙa masa, idona a ƙasa.